Babi na Uku: Hannu Ake Fara Koya wa Karatu

Yaro mai gani ba ya jiran makaranta kafin ya haɗu da rubutu. Tun yana goye a bayan uwarsa yake ganinsa a jikin gwangwanin madara, a bayan motar haya, a allon yayansa da aka jingine a zaure, a takardar kuɗin da aka miƙa wa mai kayan miya. Bai san abin da aka rubuta ba, amma ya gane cewa akwai wasu zane-zane da manya ke dubawa su yi magana, ya ga ana bin su layi-layi, ya ga ana juya shafi. Kafin a sa shi aji ɗaya ya yi shekara biyar yana wannan karatu, ba wanda ya zauna ya koya masa. Yaro makaho ba shi da wannan rabo. Duk takardar da ta shigo hannunsa sumul take, littafi da kwalin sabulu duk ɗaya ne a wurinsa. Idan ba an ɗauko rubutu an sa a ƙarƙashin yatsunsa da gangan ba, zai kai shekara goma bai san cewa ana ajiye magana a takarda ba.

Iyaye da yawa suna ɗaukar rubutun makafi a matsayin aikin malamai, abin da za a fara ranar da Allah ya sa aka samu gurbi a makaranta. Ni a ganina rabin aikin a gida yake, kuma tun kafin a ambaci harafi ko ɗaya. Dalilin yana cikin yadda aka gina rubutun kansa.

An haifi Louis Braille a ƙauyen Coupvray na ƙasar Faransa a ranar 4 ga Janairu, 1809. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka sirdi da kayan doki. Yana ɗan shekara uku ya soki idonsa da wani ƙarfe mai tsini a shagon uban, ciwon ya kama ɗaya idon, ya makance. A 1819 aka kai shi makarantar makafi ta birnin Faris, wadda Valentin Haüy ya kafa. Littattafan da ya tarar a can haruffan boko ne manya da aka danna a takarda suka kumburo, yaro ya bi siffar kowane harafi da yatsa. Karatun yana da nawa ƙwarai, kuma ɗalibi ba shi da hanyar yin rubutu da kansa. Sai aka kawo musu tsarin wani tsohon hafsan soja, Charles Barbier, wanda ya bar siffar harafi ya koma ga ɗige-ɗige, har goma sha biyu a alama ɗaya. Ɗigo ya fi layi sauƙin ji a yatsa, amma goma sha biyu sun yi wa kan yatsa tsawo, sai an hau an sauka kafin a gane alama ɗaya. Louis ya rage su zuwa shida. Ya kammala tsarinsa a 1824 yana da shekara goma sha biyar, ya wallafa shi a 1829. Makarantar ba ta karɓe shi a hukumance ba sai 1854, shekara biyu bayan rasuwarsa.

Ɗigo shidan nan a jere biyu suke, uku a hagu uku a dama, kuma a wannan littafi muna kiran wurin da suke zaune gida. Daga gida ɗaya ana fitar da alama 63. Tsakanin ɗigo da ɗigo kusan milimita biyu da rabi ne, tudun kowane ɗigo kuma bai wuce kusan rabin milimita ba. Abin da ake nema daga yatsan yaro ke nan: ya wuce a kan wannan ɗan wuri, ya bambance ɗigon sama da na tsakiya, kuma ya yi haka yana tafiya, domin yatsan da ya tsaya cik ba ya jin komai sosai. Mutane suna cewa ai makaho Allah ya ba shi ji a hannu. Allah ya ba kowa, sai dai wanda ya yi aiki da nasa shi ne nasa ke kaifi. A 1996 Norihiro Sadato da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa binciken da ya nuna cewa makafin da suka makance tun suna ƙanana, idan suna karanta birel, wato wannan rubutu na Louis Braille, ɓangaren ƙwaƙwalwa da masu ido ke gani da shi ne ke shiga aikin. Wato wurin yana nan a shirye, amfani ne ke buɗe shi.

Babban abin da ke hana wannan amfani a gidajenmu tausayi ne. "Zauna nan, kada ka faɗi." "Bari, zan yi maka." "Ke, karɓi kofin nan daga hannunsa." Uwa tana faɗin haka da zuciya ɗaya, amma yaron da aka zaunar a tabarma ana ba shi abinci a baki, ana sa masa riga, ana hana shi taɓa komai, zai je makaranta da hannu mai sanyi, yatsu a dunƙule, wani ma ya riƙa janye hannu da zarar ya ji sabon abu. Malami zai ɗauki watanni yana lallashin hannun kafin a zo maganar a da b.

Aikin tsakar gida shi ne darasin farko, kuma a wannan fanni gidan Bahaushe ya wadata. A ba shi gyaɗa ya ɓare. A zuba masa wake da masara a faranti ɗaya, a ajiye masa kwano biyu ya raba su. Idan ya iya, a koma wake da gujiya, sannan shinkafa da dawa, sannan tsintar tsakuwa a cikin wake, wanda shi ne ainihin abin da karatu ke nema: gano ɗan abin da ya bambanta a cikin masu kama da juna. Tsinkar zogale tana horar da babban yatsa da manuniya. Ɓanɓarar masara, matse soso, kwaɓa fulawa ko yumɓu, buɗe marfin gora da rufe shi, ɓalla maɓallin riga, zura duwatsun ado a zare, duk suna ƙara wa yatsu da wuyan hannu ƙarfin da za a buƙata ranar da za a fara huda takarda. Jan carbi ma horo ne mai kyau, don yatsa yana koyon wucewa ɗaya bayan ɗaya ba tsallake. A dai kula da ƙanana 'yan ƙasa da shekara uku, waɗanda ke kai komai baki ko hanci. Su a ba su manyan abubuwa irin goruba, lemo da cokali.

Akwai yadda ake nuna wa makaho aiki, kuma yawancinmu muna yin sa a baibai. Mukan cafki hannun yaro mu tura shi a kan abu. Shi bai ga zuwan hannun ba, bai san inda za a kai nasa ba, don haka sai ya sage ko ya bar hannun ya mutu a namu, kuma hannun da ake ja ba ya koyon komai. Abin da ya fi shi ne uwa ta sa hannunta a kan aikin, ta ce, "Ɗora hannunka a kan nawa ka ji abin da nake yi." Shi ke sama, yana da ikon janyewa idan ya so. A hankali sai ta zame nata, yatsunsa su sauka a kan gyaɗar.

Baki kuma ya riƙa tafiya tare da hannu. Sama da ƙasa, hagu da dama, tsakiya, farko da ƙarshe, iri ɗaya da daban: duk bayanin da malami zai yi a kan ɗige-ɗige da waɗannan kalmomi zai yi shi, yaron da bai san su a jikinsa ba kuwa ba zai gane su a takarda ba. Haka sunayen abubuwa. Yaro yana iya faɗin kaza sau ɗari bai san tana da ƙafa biyu ba. A kama kazar a riƙe masa, ya shafa fukafukinta, ya ji bakinta da ƙafafunta. Kazar roba ba ta maye gurbin wannan, don a hannu ba ta kama da kaza ta kowace fuska. Ranar da zai karanta kalmar, a ce akwai abin da za ta tuna masa.

Daga nan sai bin layi. A samu kwali mai faɗi, a manna masa igiya ko zare mai kauri da gam daga hagu zuwa dama, layi huɗu ko biyar. Yaro ya ɗora yatsun hannu biyu a farkon layi, ya bi har ƙarshe, ya dawo, ya sauka na ƙasa. Daga baya a yanke igiyar a bar giɓi a ce ya nemo inda ta tsinke, ko a ƙulla ta a ce ya ƙirga ƙulli. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a karatun birel haka abin yake: ƙwararru sukan fara layi da hagu, su haɗu a tsakiya, dama ta ƙarasa yayin da hagu ta riga ta sauka ta nemo farkon layi na gaba. Yaron da aka bari ya saba da yatsa ɗaya zai yi ta ɓatan layi. Abu biyu za a hana tun yanzu, domin suna da wuyar bari: danna yatsa da ƙarfi, da goga shi sama da ƙasa a wuri ɗaya. Tudun yatsa ake karatu da shi, ba bakin farce ba, kuma a saɓule, yatsu a ɗan lanƙwashe. Lokacin hunturu fata takan bushe ta tsage, a shafa masa mai da dare, a kuma tabbata hannun ba ya daskare da sanyi lokacin darasi, don yatsa mai sanyi jinsa ya ragu.

Yanzu an zo gida mai gurbi shida. Kiret ɗin ƙwai na kwali yana da gurbi 30; idan aka yanka shi da kula za a fitar da gida har biyar, kowanne gurbi biyu a faɗi uku a tsaye. A ajiye ɗaya a gaban yaro a tsaye, a ba shi ƙwallon dabino ko marafan kwalba. Lambobin guraben ba sa canzawa ko'ina a duniya: a hagu daga sama zuwa ƙasa 1, 2, 3, a dama daga sama zuwa ƙasa 4, 5, 6. Da farko ba ruwan kowa da harafi. "Sa a gurbi na ɗaya. Cire na biyar. Cika hagu duka." Sannan a juya wasan, shi ya shirya, yayarsa ta rufe ido da ɗankwali ta laluba ta faɗi lambobin. Wannan juyi yana da muhimmanci a wurina, domin yaron da kullum shi ake taimako yana bukatar wasa ɗaya da shi ke cewa an yi daidai ko an kuskure. A makaranta ana iya zana gidan a ƙasa, a jera tabarmi ko tayoyi shida, yara su tsaya a gurabe su zama harafin da kansu.

Haruffan suna da tsari mai sauƙi. Goman farko, daga a zuwa j, gurabe huɗu na sama kawai suke amfani da su: a shi ne 1, b shi ne 1 da 2, c shi ne 1 da 4, haka har j. Goma na biyu, daga k zuwa t, su ne dai na farkon aka ƙara wa kowanne ɗigo na 3. Sauran an ƙara musu 3 da 6, ban da w, wanda bai shiga jerin ba saboda Faransanci na wancan zamani ba ya cika amfani da shi. Lambobi ma ba sabon abu ba ne: idan aka sa alamar lamba, wato 3, 4, 5 da 6, a gaban a zuwa j, sun koma 1 zuwa 9 da sifiri. Wannan tsari na babba ne, uwa ko malami zai iya haddace shi a 'yan kwanaki. Yaro kuwa ba dole ne a bi da shi daga a zuwa z ba. Hausa ta yi mana gata a nan. Haruffa huɗu, a, b, k da l, duk a jeren hagu suke: a 1, b 1 da 2, k 1 da 3, l kuma 1, 2, 3. Da su kaɗai yaro zai karanta baba, kaka, baka, laka, kaba, akala da Bala. A ƙara m, wato 1, 3 da 4, ya samu mama da Malam. Ranar da yaro ya laluba gida huɗu ya ce "kaka" da bakinsa, a kira kakar ta zo ta ji.

Gargaɗi ɗaya game da kiret: kada a daɗe a kansa. Hannu duka ake lalubarsa da shi, alhali harafin gaske a ƙarƙashin kan yatsa ɗaya yake, kuma yaron da ya iya kiret bai iya karatu ba tukuna. Kamfanin LEGO ya fitar da bulolin wasa masu ɗigon birel a 2020, kuma suna da amfani ga wanda ya same su, amma su ma sun fi harafin gaske girma. Ko wanne aka yi amfani da shi, a ranar da aka koyi harafi a babban gida a ranar za a nuna shi a takarda da ainihin girmansa. A kuma raba haruffan da suke juyin juna, d da f, e da i, h da j, kada a koyar da su a mako ɗaya. Sai ɗaya ya zauna daram a kawo ɗan'uwansa.

Kalmar farko da ta cancanci takarda sunan yaron ce. A rubuta shi a manna a kofinsa, a jakarsa, a bakin ƙofar ɗakin da yake kwana, daidai tsayin hannunsa. A bi da sauran kayan gida: randa, akwati, rediyo, ƙofa. Ba sai ya iya karantawa ba, ya dai riƙa cin karo da su yana tambaya, kamar yadda ɗan'uwansa mai gani ke cin karo da rubutu a titi. Roba marar kauri, irin bangon fayil, ta fi takarda jure shafa da jiƙa.

Littafi kuma a yi masa nasa. A ɗinke kwali biyar ko shida da zare. An je kasuwa da shi? A shafin farko a manna ledar alewar da aka saya masa, na biyu ɓawon gyaɗar da ya ci, na uku ɗan ƙyallen atamfar da Umma ta yanko, a ƙarƙashin kowanne kalma ɗaya ko gajeren layi da birel, kuma kalmominsa ne shi da kansa za a rubuta. Irin wannan littafi yaro yakan koma masa sau da yawa, don labarinsa ne, ya san abin da ke shafi kafin yatsa ya isa. Tatsuniya ma ana iya yi mata akwati: idan za a yi ta Gizo da Ƙoƙi a tanadi ƙwarya, ludayi, igiya, duk abin da labarin zai ambata, a miƙa masa kowanne idan an zo wurinsa. Da Hausa za a fara duk wannan. Yaro ya koyi karatu a harshen da yake mafarki da shi, haruffan ɓ, ɗ da ƙ kuwa an ware musu alamominsu a birel ɗin Hausa. Gajerce-gajercen birel ɗin Ingilishi, inda alama ɗaya ke tsaya wa kalma guda, suna iya jira.

Rubutu yana tafiya tare da karatu, ba a bayansa ba. Na'urar Perkins, wadda ta fito a 1951 daga makarantar makafi ta Perkins a Amurka, tana da maɓalli shida, ɗaya ga kowane ɗigo, kuma yaro yana jin abin da ya buga nan take. Tsadarta ta sa ta fi ƙarfin yawancin gidaje, a makarantu ma sau da yawa yara layi suke yi mata. Abin da kowane yaro ya kamata ya mallaka shi ne allon rubutu mai tagogi da tsinkensa, wanda ake maƙala takarda a ciki a huda ta baya. Tunda ta baya ake hudawa, daga dama ake farawa a nufi hagu, sai a juya takarda a karanta daga hagu. Kada a ce wa yaro yana rubutu a juye, wannan rikita shi zai yi. A ce masa 1, 2, 3 suna gefen da ake farawa, ya bi lamba. Kafin haruffa a bar shi ya yi ta huda yadda ya ga dama, ya cika gida shida-shida, ya kawo ya ce wasiƙa ce ya rubuta wa Baba, a karɓa a tambaye shi abin da ta ce. Tsohuwar kalanda da bangon littafi suna riƙe ɗigo da kyau idan takardar birel ta yi wuya.

Ba duk yaron da ake kira makaho ba ne ba ya gani sam. Akwai mai ganin haske, akwai mai karanta manyan haruffa idan ya kai su dab da ido, kamar yawancin yara zabiya. Kafin a yanke hukunci kan irin rubutun da zai koya a kai shi ga likitan ido, domin yanar ido a yara ana yi mata aiki, kuma jinkiri na rage amfanin aikin; Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna da Asibitin Ido na ECWA a Kano sanannu ne a wannan. Mai sauran gani a bar shi ya yi amfani da shi, ido ba ya ƙarewa don an duba da shi. Idan kuwa ganin yana raguwa, ko karatu da ido yana gajiyar da shi bayan 'yan layuka, a haɗa masa karatun ido da birel tun yana ƙarami.

Wasu za su ce yanzu waya tana magana, tana karanta saƙo, ga karatuttuka a rediyo, kuma makafinmu tun fil azal da kunne suke haddace Alƙur'ani. Gaskiya ne, kuma haddar makafi abin girmamawa ce. Amma mai ji kawai bai san yadda ake rubuta sunansa ba, ba zai koma kan layin da ya wuce ya tsaya ya yi nazari yadda ya so ba, ba zai jera lissafi ba, ba zai ajiye sirrinsa ba sai ta bakin wani. Ba wanda zai yarda a ce ɗansa mai gani ya bar biro tunda akwai waya. Shi kansa Alƙur'anin an buga shi da birel na Larabci, wanda ake karantawa daga hagu zuwa dama da gida shidan nan dai, don haka hannun da aka horar zai yi muraja'a ba sai ya jira mai biya masa ba.

Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tana nan tun 1953, akwai ta Tudun Maliki a Kano, akwai wasu a jihohi, kuma dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba yaron haƙƙin ilimi kamar kowa. Sai dai makarantun ba su kai yawan yaran ba, kuma ba wadda za ta karɓi ɗan shekara biyu. Iyaye, ku je makarantar da ta fi kusa da ku, ku roƙi malami ya rubuta muku haruffan a takarda ɗaya da sunan ɗanku a wata, ku tambayi inda ake samun allo da tsinke. Wani a gidan, uwa ko uba ko yaya, ya koyi rubutun. Mai gani da ido yake karanta ɗige-ɗigen, ba sai ya horar da yatsa ba. Kafin ku samu zuwa, yau ɗin nan ku zuba masa wake da masara a faranti ku ba shi kwano biyu.